Aikin ƙira a kwas ɗin kwantirol: kwamfuta, injin ɗakin gwaji, ko haɗin hannu?

Malamin da aka danƙa wa kwas ɗin kwantirol, wato ilimin da ke sa na'ura ta riƙa auna kanta tana gyara kanta, ba ya daɗewa bai ga inda gizo ke saƙar ba. Ɗalibai suna iya lissafin. Ka ba su tambaya a kan teburin Routh, wato jadawalin gane ko tsari zai daidaita, za su cika maka takarda. Ka ce su zana taswirar Bode, mai nuna yadda tsari ke amsa sigina mai lilo a sauri daban-daban, za su zana tsaf. Amma ka ajiye musu 'yar hita da ma'aunin zafi, ka ce a tsayar maka da zafin nan a kan digiri 50 kada ya motsa, sai a shiga kallon-kallo. Ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba. Ba su dai taɓa ganin abin da lissafin ke magana a kansa ba.

Shi ya sa malamai da yawa suka koma haɗa kwas ɗin da aikin ƙira: tun farkon zango a ba ɗalibai matsala, su tsara mata magani, su gwada, su kawo abin da suka gani. Hukumomi ma can suka karkata. A 2023 COREN, hukumar kula da aikin injiniya a Najeriya, ta zama cikakkiyar mamba a Yarjejeniyar Washington, wadda ke auna makaranta da abin da ɗalibinta ya iya yi idan ya fita, sannan sabuwar manhajar da NUC, hukumar kula da jami'o'in Najeriya, ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cika da abin da ya dace da ita. A Legas kuwa ba sai an yi dogon bayani ba. Matatar Dangote mai tace ganga 650,000 a rana tana Lekki, tashar lantarki ta Egbin tana kusa da Ikorodu, masana'antun fulawa da sukari suna Apapa, kuma kowace daga cikinsu cike take da zafi da matsi da gudun ruwa waɗanda dole wani ya iya tsayar da su inda ake so.

Abin da ya rage shi ne wane irin aiki za a ba su. Hanyoyi uku ne a gaban malami: a yi komai a kwamfuta, ko a yi amfani da injin gwaji da makaranta ta sayo, ko ɗalibai su haɗa ƙaramin abu da hannunsu. Ra'ayina, Malam, shi ne ka sa su haɗa ɗan akwatin zafi mai aiki da wutar cajar waya, su auna shi, su fitar da lissafinsa da kansu, sannan su koma kwamfuta su tsara mai sarrafa shi. Ga dalilaina, da kuma wuraren da nake ganin gara ka zaɓi wani abu daban.

Kwaikwayo a kwamfuta

Wannan ce hanya mafi sauƙi, kuma ba abin rainawa ba ce. Cikin shirye-shiryen kwamfuta na wannan aiki, MATLAB da Simulink su ne aka fi sani, amma lasisinsu kuɗi ne. Scilab da Xcos ɗinsa, da Octave, da Python, duk kyauta ne kuma sun isa ɗan digirin farko. A cikin awa ɗaya ɗalibi zai canza ƙarfin mai sarrafawa sau ɗari ya ga yadda amsar ke sauyawa. Zai gwada jirgin sama ko tukunyar tururi ba tare da wani abu ya ƙone ba. Aji komai yawansa zai iya yi a lokaci guda. Kuma wajen fahimtar hanyar saiwoyi ta Evans ko ma'aunin Nyquist, waɗanda dabarun zane ne na duba daidaiton tsari, babu abin da ya kai ganin zanen yana motsi a gabanka.

Matsalar ita ce kai ne ka ba su lissafin injin tun farko, a rubuce, a goge. Da ka yi haka ka riga ka yi musu rabin aikin da ya fi wuya. A masana'anta babu mai miƙa wa injiniya takarda ya ce ga lissafin tukunyar nan. Shi zai tsaya ya auna. Bayan haka, duniyar cikin kwamfuta ba ta da iyaka sai wadda ka sa mata. Ɗalibi zai ɗaga ƙarfin gyara zuwa dubu goma, zane ya fito sumul, ya yi murna, bai san ya nemi moto mai cin bolt 12 ya karɓi dubban bolt ba. Ma'aunin cikin kwamfuta ba ya rawa, ba ya jinkiri, ba ya ƙarya, saboda haka ɗalibin ba zai taɓa gane dalilin da ya sa ma'aikata da yawa ke kashe ɓangaren D, mai duba saurin canji, na PID ɗinsu ba, wato mai sarrafawar nan mai sassa uku, P da I da D. Sai kuma abin da duk malami ya sani: fayil ɗaya na iya zagaye aji ta WhatsApp kafin la'asar, a canza suna kawai.

Tarihin fannin ma ba daga takarda ya faro ba. James Watt ya ɗora gwamna mai ƙwallaye, wato na'urar daidaita gudun inji, a kan injin tururi a 1788, aka yi ta aiki da shi, wani lokaci ya daidaita, wani lokaci ya kama kai-komo, sai a 1868 Maxwell ya zo da lissafin da ya bayyana dalili. Shekara 80 ke nan injin na gaba, lissafi na biye. Ziegler da Nichols, ma'aikatan kamfanin kayan awo na Taylor a Amurka, ƙa'idojin saiti da suka fitar a 1942 daga gwaji suka samo su. Ɗalibin da bai taɓa jin tambayar a jikinsa ba, amsar ba ta zama a kansa.

Injin da makaranta ta sayo

Akwai kamfanoni irin su Quanser na Kanada da Feedback na Ingila da ke ƙera injinan koyarwa: moto mai ma'auni mai kyau, tankuna biyu a jere, sanda mai tsayuwa. Aikinsu tsaf ne, abin da aka auna yana kusa da abin da lissafi ya ce, kuma suna zuwa da takardar gwaji a shirye. Idan sashenku yana da su kuma suna aiki, kada a bar su a ƙarƙashin leda.

Amma da dala ake sayensu, don haka ɗaya ko biyu ake samu. A ce kana da ɗalibai ɗari da ashirin da injin guda. Kowane rukuni zai samu ɗan lokaci sau ɗaya a zango, in an yi sa'a akwai wuta a ranar. Tsoron kada a lalata abu mai tsada yakan sa mai kula da ɗakin gwaji ya riƙe maɓallan, ɗalibai su tsaya a baya suna kwafar lambobi. Wannan kallo ne, ba ƙira ba. In kuma wani ƙaramin ɓangare ya mutu, jiran na waje ya iso na iya cinye zango guda. Ni dai na fi son a yi amfani da irin wannan injin sau biyu ko uku don nuni, ya zama abin kwatanci. Idan kuma sashe ya samu kuɗi yana neman abin saye, PLC, kwamfutar da ke sarrafa injina a masana'anta, ya fi cancanta, da ma'aunai masu fitar da siginar miliam 4 zuwa 20, domin su ɗalibi zai tarar a masana'anta lokacin SIWES, wato zaman koyon aiki na ɗalibai, da bayan kammalawa.

Haɗin hannu

Allon Arduino, ɗan allo mai ƙaramar kwamfuta a jikinsa wanda aka fara ƙerawa a garin Ivrea na Italiya a 2005, shi ya sauƙaƙa wannan hanya. Ana samunsa da ƙananan ma'aunai a kasuwar kwamfuta ta Ikeja da ta Alaba. Yana karanta ma'auni a lamba daga 0 zuwa 1023, yana tura ƙarfi a mataki daga 0 zuwa 255, kuma wannan ya isa a rufe zagaye: a auna, a gwada da abin da ake so, a gyara.

Akwai wani abu da ya shafi yaranmu musamman. Da yawa daga ɗaliban Hausawa da ke karatun injiniya a nan Legas, ko a Akoka ne, ko Yaba, ko Epe, ba 'ya'yan masu hali ba ne. Iyayensu na sayar da albasa da tumatir a Mile 12, ko suna harkar shanu a Agege, ko raguna a Alaba Rago. Wasu daga gida suke zuwa, cunkoson hanya ya cinye musu safiya da yamma, ga taya mahaifi zaman shago ranar Asabar. Irin wannan ɗalibi, ka ce masa gwaji sai a ɗakin gwaji tsakanin ƙarfe goma da biyu, ka gama da shi. Amma in abin gwajin yana shiga jaka, zai kunna shi bayan sallar isha'i ya maimaita har sai ya gane. Saboda haka duk aikin da zan zaɓa, ina fara tambayar kaina: yana shiga jaka? Yana aiki idan an ɗauke wuta? Mutum uku za su iya haɗa kuɗinsa ba tare da an je gida roƙo ba? Abin da ya fi ma, sashe ya sayi kayan, a bayar aro, a dawo da su ƙarshen zango.

Hanyar tana da haɗarinta. Mafi girma shi ne kwas ɗin ya rikiɗe ya koma na haɗa waya da neman kuskure a rubutun kwamfuta, sati shida su wuce ba a taɓa maganar sarrafawa ba. Kayan kasuwa kuma ba duka ke da kyau ba. Akan samu ma'aunin da ya mutu tun a leda. Maganin shi ne malami ya ba da zanen haɗi guda wanda ya gwada da kansa, da ɗan rubutun da ke karanta ma'auni ya tura lamba, ya bar musu ainihin sarrafawar. Kuma kada a bari kowa ya taɓa wutar gida mai bolt 230. Bolt 5 ko 12 sun isa.

To me za su haɗa? Abubuwa huɗu aka fi zaɓa, kuma ba ɗaya suke ba ko kaɗan.

Akwatin zafi

Rezisto mai ɗaukar zafi ko taranzisto a manne da ɗan ƙarfe, ma'aunin zafi a jikinsa, a cikin gwangwani ko ƙaramin kwali. Shi ke nan. Ba sabon tunani ba ne. John Hedengren na Jami'ar Brigham Young a Amurka ya yi irinsa mai hita biyu da ma'auni biyu mai suna TCLab, makarantu da dama na amfani da shi. Namu na gida zai yi aikin.

Abin da ya sa na fifita shi shi ne nawarsa. Zafi a hankali yake hawa, ido na biye da shi. A satin farko ɗalibi zai ba hita ƙarfi tsayayye, ya zauna yana kallon lamba na hawa har ta tsaya. Daga wannan zane ɗaya zai fitar da abu uku: digiri nawa kowane mataki na ƙarfi ke bayarwa, daƙiƙa nawa suka wuce kafin ma'auni ya fara ji, da lokacin da zafin ya kai kashi 63 cikin 100 na inda zai tsaya. Lissafin da a da ake rubuta masa a allo, yau daga gwangwaninsa ya fito. Na maƙwabcinsa kuma daban yake, tunda gwangwaninsu ba ɗaya ba ne.

Daga nan darussan kan zo da kansu, ɗaya bayan ɗaya. Zai fara da kunna-kashe, ya ga zafin na lilo sama da ƙasa ba ya zama. Zai sa P kaɗai, mai duba tazarar da ke tsakanin inda ake da inda ake so, sai ya ga zafin ya tsaya ƙasa da 50 ya ƙi ƙarasawa. In ya yi tunani zai gano dalili: da tazarar ta zama sifili hita za ta mutu, don haka dole a bar 'yar tazara da za ta riƙe ta a kunne. Zai ƙara I, mai tara tazarar da ta wuce, tazarar ta rufe. Sai kuma ya nemi babban tsalle, daga zafin ɗaki zuwa 60, ya ga zafin ya zarce sosai kafin ya dawo. Hita ta ƙure a 255 tun da wuri, amma I bai sani ba, ya ci gaba da tarawa. Ɗalibin da ya ga wannan kumburin da idonsa, ya rubuta layi biyu da suka hana tarawa idan hita ta ƙure, ba zai manta ba har ya tsufa.

Ma'aunin kansa malami ne. Ma'aunin zafi na LM35 yana ba da milibolt 10 a kowane digiri. Arduino mai bolt 5 yana raba su gida 1024, kowane mataki kusan milibolt 5. Ma'ana, ba ya ganin abin da bai kai rabin digiri ba. Zanen zai fito hawa-hawa, kuma da an kunna D, mai duba saurin canji, kowane ɗan tsalle zai sa hita ta zabura. In an koma wani ma'aunin zafin, DS18B20, yana rarrabe har kashi ɗaya cikin 16 na digiri, amma kowane karatu yana cin milisakan 750. An samu kaifi, an biya da jinkiri. Irin wannan ciniki shi ne aikin injiniya, kuma ga shi a cikin kayan da ba su cika tafin hannu ba.

Akwai kuma darasin da Legas ke bayarwa kyauta. Hita na iya zafafawa amma ba ta iya sanyayawa. Sanyaya aikin iskar ɗaki ne. A garin da rana ke kai digiri 30 ko fiye, wanda ke son riƙe digiri 37 da rabi, zafin da ƙwan kaza ke buƙata na kwana 21, tazararsa da iskar waje kaɗan ce. In ya zarce, saukowa sai a hankali. Saitin da ya yi kyau a Jos da sanyin hunturu ba lalle ya yi a Agege a watan Maris ba. Don haka a aji gara a nemi 50 ko 60, gwaji ya yi sauri, a bar injin ƙyanƙyasa ya zama aikin shekarar ƙarshe ga wanda ya yi sha'awa. Masu kiwon kaji ba za su rasa buƙatarsa ba.

Rauninsa biyu ne. Kowane gwaji na cin mintoci masu yawa, ga jiran ya huce kafin a sake. Kuma yana da haƙuri. Da wuya ya birkice yadda za a ga rashin daidaito ƙuru-ƙuru. Na biyun yana da magani mai sauƙi: a matsar da ma'auni nesa da hita. Jinkiri ya ƙaru, sai ƙarfin gyaran da ɗazu ya yi lafiya ya fara jawo kai-komo mai girma. A nan ne maganar Bode da Nyquist ke samun gindin zama.

Tankin ruwa

Wannan shi ne wanda ɗalibi ya riga ya sani tun daga gida. Gidaje da yawa a Legas da rijiyar burtsatse da tankin sama suke rayuwa, kuma sau da yawa maigadi ne, ɗan uwanmu daga Arewa, ke kunna injin ya jira ya ji ruwa na zuba daga sama ya kashe. Wasu gidajen sun sa makunni mai yawo a kan ruwa. Tambaya ta farko mai kyau ga ɗalibi ita ce: me ya sa kunna-kashe ya wadatar a nan, kuma a wane irin tanki ne ba zai wadatar ba? Sanin inda ba a buƙatar PID yana cikin iya PID.

A wajen ilimi, tanki ya fi akwatin zafi da abu ɗaya babba. Ruwan da ke fita ta ƙasa ba ya ƙaruwa daidai da tsayin ruwan. Bisa dokar Torricelli, sai tsayi ya ninka sau huɗu kafin gudun fita ya ninka sau biyu. Saboda haka saitin da aka yi ruwa na ƙasa zai canza hali idan ruwa ya hau. Nan ɗalibi ke gane dalilin da ya sa ake miƙar da lissafi a kusa da wuri ɗaya, da kuma iyakar wannan dabarar. In aka jera tankuna biyu, ɗaya na zuba a ɗaya, an samu tsari mai mataki biyu.

Amma ba ya shiga jaka. Yana son wuri, yana yoyo, ruwa na kusa da kwamfuta. Ma'aunin nisa mai amfani da sauti irin HC-SR04, mai auna santimita 2 zuwa mita 4, yana ruɗewa idan saman ruwa na motsi, ƙananan famfuna kuma ba sa fara turawa sai ƙarfi ya kai wani mataki. Idan ɗalibanka na injiniyan sinadarai ne, ko kana da ɗaki mai famfo da magudana da za a bar kayan a ciki, zaɓe shi. In ba haka ba, a gina ɗaya ko biyu na kowa da kowa.

Gudun moto

Duk wanda ya zauna kusa da janareto ya ji wannan aikin da kunnensa. Ƙaramin janareton fetur yana juyawa sau 3000 a minti don ya ba da wuta mai bugu 50 a daƙiƙa. Da an kunna dutsen guga sai ya yi nishi, gwamna ya buɗe mai, ya dawo daidai. In saitin ya lalace sai ka ji yana hawa yana sauka, abin da Maxwell ya yi wa lissafi. Ana iya ciro ƙaramin moto tare da faifan ƙirga juyinsa daga tsohuwar firinta a Ikeja, a tuƙa shi da ɗan allon tuƙa moto na L298N.

Wannan ya fi kowanne kama da abin da ke cikin darasi, musamman idan kusurwa ake sarrafawa ba gudu ba: zarcewa da lilo suna fitowa sarai, gwaji kuma daƙiƙa biyu ne. Yana shiga jaka, yana aiki da batir. Sai dai saurin nan shi ne wahalarsa. Dole a riƙa aunawa a kan lokaci tsayayye, a ce kowane milisakan 10, kuma ɗalibin da ya cika zagayensa da tura rubutu zuwa allo zai ɓata lokacin bai sani ba, ya yi ta zargin lissafi. Ƙirga juyi ma yana son ɗan ƙwarewa a rubutun kwamfuta. Idan ajinka 'yan lantarki ne da suka riga suka yi kwas ɗin ƙananan kwamfutoci, moto na iya zama zaɓinka na farko. Ga sauran, ya zo bayan zafi.

Sanda a tsaye

Shi ɗalibai suka fi so, kuma shi na fi hana su a kwas na farko. Keke mai ƙafa biyu ko sanda a kan 'yar amalanke, na'ura na riƙe ta kada ta faɗi, kamar yadda yaro ke tsayar da kara a tafin hannu. Yana da kyau a bidiyo, yana jan jama'a ranar baje koli. Amma tunda da kansa faɗuwa yake, ba za ka iya sake shi ka auna halinsa ba. Sai ka fara da lissafin nauyi da tsayi, ka yi fatan daidai ne. In ya faɗi ba ya gaya maka dalili. Ko ma'aunin karkata irin MPU6050 ne ke zamewa, ko giya ce ke da sako-sako, ko batir ya yi sanyi, ko lokacin awo ne, duk faɗuwa ɗaya ce. Ƙarshenta, rukuni ya sauko da rubutun wani daga intanet, ya yi ta juya lambobi har abin ya tsaya, kuma babu mai iya faɗin me ya sa. Wurinsa shekarar ƙarshe, a hannun ɗalibin da ya karanta hanyoyin zamani da suka biyo bayan aikin masanin kwantirol Rudolf Kalman na 1960, yana da zango biyu a gabansa.

Yadda za a ba da maki

Ko wanne ka zaɓa, rabon maki ne zai nuna wa ɗalibai abin da kake nufi da gaske. In ka ba da mafi yawa ga "ya yi aiki", juya lambobi za su yi. Ka rubuta sharuɗɗa tun ranar farko: kada zarcewa ta wuce kaza, a daidaita cikin minti kaza, kada a bar tazara. Rukuni kada ya wuce mutum uku. Daga huɗu ake samun ɗan rakiya. Kowane rukuni ya samu gwangwani ko rezisto daban.

Shafin da ya fi kowanne daraja a rahoton shi ne wanda aka ɗora zane biyu a kan juna, abin da kwamfuta ta ce zai faru da abin da ya faru, tare da bayanin inda suka rabu da dalili. Rukunin da bai cika sharaɗi ba amma ya nuna cewa hitarsa ce ta ƙure, ya kawo hujja, ya fi wanda ya cika bai san yadda aka yi ba. Ka sa su gwada ƙa'idar Ziegler da Nichols, wato 0.6 na ƙarfin da ya jawo lilo ga P, rabin tsawon lilon ga I, kashi ɗaya cikin takwas ga D, su kwatanta da nasu tsarin, su ga yadda takan zarce. Ranar kare aiki kuma ka zo da 'yar fanka. Ka kunna ta a kan akwatin, ka tambayi wanda ya fi yin shiru a rukunin: me zai faru yanzu, wane ɓangare ne zai dawo da zafin? Minti biyar na irin wannan ya fi shafi ashirin.

Saura ajin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ɗalibai ɗari biyu babu mataimaki babu kuɗin kaya. A nan ma ba sai an koma kwamfuta zalla ba. Ka haɗa akwatin zafi ɗaya da kanka, ka kawo shi aji, a yi gwajin farko a gaban kowa. Sannan ka ɗauki bayanai sau da yawa, kana canza murfi, kana matsar da ma'auni, ka ba kowane rukuni fayil ɗinsa na ainihin lambobi, da rawarsu da hawa-hawansu. Su fitar da lissafi daga ciki, su tsara PI, wato P da I kawai, a Scilab ko Python, su kawo maka lambobi biyu. A sati biyun ƙarshe ka riƙa jan ƙuri'a, rukunin da ya fito a mayar da akwatin yadda yake a fayil ɗinsu, a shigar da lambobinsu, kowa ya rubuta hasashensa a takarda kafin a kunna.